Yadda Ake Cefane a Sabon Kanti Ba Tare da An Ga Ƙasan Tukunyarka Ba

Kai mai karatu, matso kusa. In ka bi abin da zan faɗa maka daki-daki, na yi maka alkawari za ka shiga sabon kantin nan da aka buɗe mana a bakin titin Kurmin Mashi da kuɗin magi da gishiri kawai a aljihunka, ka fito unguwa tana cewa a gidanka ko kyanwa ta gaji da kaza. Ban ce wataƙila ba. Ni ba na harka da wataƙila.

Ban yi boko ba, ko ƙofar aji ban taɓa leƙawa ba, wannan ma faɗa nake ana rubutawa. Amma na ja tirela daga Kaduna zuwa Ikko tun hanya tana falle ɗaya. Na faɗa rami da lodin siminti na fito ina karkaɗe riga. Na bi layin madara da sabulu zamanin soja, na ga canjin kuɗi iri-iri, na ga kullen korona, na ga ranar da fetur ya hau sama ya manta hanyar saukowa. Duk ban mutu ba, kuma har yau ba wanda ya taɓa sanin abin da aka dafa a gidana. Digirina ke nan. Wanda ya fi shi ya kawo mu gani.

Zan riƙa kawo maka misali da wani ɗalibina, mu kira shi Malam Zakari. Shi ma tsohon direba ne, sa'ana ne, shi ma yana da tabo a goshi. Kada ka ce ni ne. Direbobi masu tabo a goshi sun yi yawa a Kaduna.

Malam Zakari ya yi shekaru yana faɗa wa majalisar ƙofar masallaci cewa tukunyar gidansa ba ta san ranar da ba nama ba. Da can gaskiya ne. Sai mota ta tsufa aka sayar, ido ya yi rauni, ɗan da ke aiko da ɗan abin taɓawa kamfaninsu ya rufe. Nama ya koma sai Juma'a, daga baya Juma'ar ma ta fara tsallake. Abu ɗaya ya rage masa a duniya, shi ne ba wanda ya sani. Shi yake gadi dare da rana.

Mataki na 1: Ka san maƙiyinka

Za ka ce tsada. A'a. Tsada tsohuwar maƙwabciya ce, mun saba gaisawa. Maƙiyinka a wannan wuri haske ne da waya.

A Babbar Kasuwa mai awo ya san darajar magidanci. Ka raɗa masa rabin mudu, ya juya baya ya auna, ya ƙulle maka a baƙar leda, sannan ya ɗaga murya yadda na kusa za su ji, ya ce Alhaji sauran buhun a kai gida ko a bar shi nan. Kai da shi kun san ba buhu. Baƙar leda ta rufa wa magidanta asiri fiye da katangar gida.

Sabon kanti kuwa fitilu ne kamar ɗakin tiyata. Za su ba ka wani kwandon waya mai ƙafa huɗu da suke kira keke, ka riƙa tura cikin gidanka a gaban jama'a, kowa na leƙawa. Ledarsu fara ce shara-shara, daga tsallaken titi ana iya ƙirga tumatirinka.

Kada ka ce to sai ka ƙi zuwa. Malam Zakari ya gwada. Tun da aka buɗe wurin hirar majalisa ta koma jiya na ga wane a kanti, shekaranjiya na ga wane. Wanda ba a taɓa gani ba, ba a cewa komai a kansa, kuma wannan shirun ya fi zagi. Ranar da wani ya tambaye shi, cikin ladabi, ko ƙafa ce ke damunsa, ya san lokaci ya yi.

Mataki na 2: Shiga

Sa babbar riga, wadda ake zuwa ɗaurin aure da ita. In a Keke Napep ka zo, sauka tun daga nesa ka ƙarasa da ƙafa, kana waiwaye kamar mai duba ko ya ajiye mota daidai. Riƙe mukulli a hannu. Malam Zakari da mukullin tsohuwar tirelarsa yake zuwa, wadda yanzu haka ƙila an narkar da ita an yi tukwane. Mukulli ba ya faɗin ko motarsa tana raye.

Ƙofar gilashi ce, da kanta take buɗewa. Kada ka ja da baya, kada ka yi mata sannu, kada ka leƙa neman wanda ya ja ta. Wuce kamar ka saba ƙofofi suna tsoronka. Sanyin esi zai dake ka a fuska. Kada ka ce alhamdulillahi da ƙarfi. Ɓata rai kaɗan, kamar na gidanka ya fi wannan.

Mataki na 3: Ɗauki keke, kada ka kuskura ka ɗauki kwando

Akwai ɗan kwandon hannu a gefen ƙofa. Wannan na gwauraye ne da masu sayen man goge baki. Magidanci keke yake ja. Amma gwada ƙafafun tukuna, don a cikin kowane keke biyar akwai mai karkata hagu, kuma ba abin da ke zubar da girman dattijo kamar a gan shi yana kokawa da kwandon waya a gaban kwalayen biskit.

Mataki na 4: Lodi

Nan ilimin yake, kuma ba a koyar da shi a jami'a.

Abin da ka zo saya da gaske, wato gishirinka da maginka da 'yar ƙaramar kwalbar mai, shi za ka fara sawa a ƙasa can cikin kusurwa. Sannan ka rufe shi da kayan ado. Kayan ado su ne duk abin da ke da girma ba nauyi: manyan kwalayen abin karin kumallon yaran masu kuɗi, ɗaurin tishu, irin waɗannan. Duk wanda ya taɓa ɗaukar lodin auduga ya san mota tana iya cika har sama tana tafiya kamar ba komai. Kada ka ɗauki buhun shinkafa. Za ka sauke shi nan gaba, kuma bayanka ba na da ba ne.

Za ka ce yaya wanda bai yi boko ba zai san abin da ke cikin kwali. Tambayar yara. Bature bai yarda da karatun kowa ba, shi ya sa yake manna hoto. Ka ga saniya, madara ce. Ka ga zakara, abin karin kumallo ne. Ka ga jariri, ajiye, kada ka jawo wa kanka tambayoyi a gida. Ni da hoto na karanta hanyar Najeriya kaf, ban taɓa ɓata ba.

Da wannan ilimin Malam Zakari ya samo abin da ya fi so a duk kantin. Wani ƙaton ɗauri ne mai laushi, fari da shuɗi, ba nauyi ko kaɗan. A jikinsa akwai hoton wani dattijo mai furfura, ya sha fararen kaya, yana murmushi yana tafiya a cikin lambu kamar ba a bin sa ko sisi. Malam Zakari ya matsa ɗaurin, ya ji taushi, ya gane nan take singileti ne na ƙasar waje, irin na manya. Ya ɗora shi can saman lodi, hoton yana kallon jama'a, don a san mai keken ba ƙaramin mutum ba ne.

Mataki na 5: Zagaye

Yanzu tura a hankali, layi-layi. Ba sayayya kake ba, nuna kanka kake. Kana bukatar ido uku ko huɗu, kuma ba kowane ido ba. Matar maƙwabci ta fi namiji goma, domin kafin magariba ta kai labari gida bakwai ba ka biya ta ko kwabo ba.

Kada ka taya. Nan ba a cewa albarka, ba a gyara, ba a ɗanɗanawa. In ka ga farashi ya sa gabanka ya faɗi, kada ka dafe ƙirji. Ɗaga kwalbar, ka kalle ta, ka girgiza kai ka ce a fili wannan ƙaramar ce, babbar ta ƙare ke nan. Ka mayar. An ji ka.

In an gaishe ka, amsa kana duban kanta, kamar mai tunanin abin da ya manta. Mai kuɗi kullum yana mantuwa. Talaka ne ke zuwa da cefanensa a haddace.

Mataki na 6: Sauke lodi

A ƙarshen kantin, bayan layin sabulu, akwai lungun tsintsiya da bokiti. Ba mai zuwa can. Nan ne tasharka. In ka tabbata an gan ka yadda ya kamata, sulale can, ka sauke kayan ado ɗaya bayan ɗaya a bayan bokitai. Yaran kantin za su mayar, aikinsu ne, kai ka ma taimaka musu kada barci ya ɗauke su. Sai ka jira layin biya ya yi sauƙi, ka biya gishirinka da maginka, ka zura a aljihun babbar riga. Don wannan aka yi mata aljihu mai zurfi.

In wani ya tare ka a waje ya ce ina kayan, ka ce ai su suke kawowa gida.

Malam Zakari ya yi haka Asabar bayan Asabar ba a taɓa samun matsala ba. Sunansa ya dawo majalisa da ƙarfinsa. Har wani ya ce ya ga kekensa, ya tausaya wa mai dafawa.

Mataki na 7: In ka gamu da wanda ya ƙi sakinka

A unguwar akwai wani dattijo, mu kira shi Alhaji Tijjani. Tsohon babban ma'aikacin gwamnati ne, ya yi ritaya da gida mai bene da tabarau. Shi da Malam Zakari sun yi shekaru suna zama tabarma ɗaya ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. In Zakari ya ce ya taɓa zuwa Ikko a wuni ɗaya, Tijjani zai cire tabarau ya lissafa masa mil. Zakari na kiransa Akawu, shi yana kiran Zakari Direba, kowa na nufin zagi. In akwai mutum ɗaya a Kaduna da Malam Zakari ya gwammace ya mutu da ya san halin gidansa, to Akawu ne.

Amma watanni ke nan Akawu ya daina fitowa majalisa. Salla ma sai ya tsaya sahun baya kusa da ƙofa, ana sallama ya ɓace. Majalisa ta yanke hukunci cewa girman kai ne, Malam Zakari ne ma ya fara faɗa.

To ran wata Asabar, Malam Zakari ya gama zagaye, ya karya kan keke zai shiga lungun tsintsiya, sai ga Alhaji Tijjani tsaye a ciki, shi kaɗai, ya ja hula har gira, kamar mai jiran a rage mutane.

Dokar wannan mataki ita ce kada ka tsaya. Yi sallama kana tafiya, ka ce sauri kake. Malam Zakari ya san dokar. Amma lungun ba ya ɓullewa, bango ne a gaba, kuma keken ranar mai karkata hagu ne.

Mataki na 8: Kada ka taɓa nuna ba ka sani ba

Suka gaisa sama-sama. Alhaji Tijjani bai kalli fuskarsa ba, ɗaurin da ke saman lodi yake kallo, mai hoton dattijo a lambu. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya rage murya.

"Direba, wannan naka ne?"

"Na wa zai zama, Akawu? Na maƙwabta?"

"Tun yaushe?"

Malam Zakari ya ga dama ta samu. Ya dafa ɗaurin kamar mai dafa goshin sabuwar mota, ya ce ai ya daɗe, tun kafin a buɗe kantin nan daga Ikko yake sa a kawo masa. Ya ce shi in bai sa shi a ciki ba, ba ya jin daɗin fita ko ƙofar gida. Akawu ya tambaye shi ko da zafin nan ba ya damunsa. Ya ce da zafi ma ya fi daɗi, komai tsotsewa yake, ka wuni garau.

Sai ya ga abin da bai taɓa gani ba. Akawu ya cire tabarau, ba don lissafi ba, ya goge ido da hannun riga. Ya kama hannun Malam Zakari ya riƙe.

"Ni tun bayan aikin da aka yi mini a asibiti," in ji shi. "Shi ya sa ba kwa ganina. Tsoro nake in tashi daga tabarma a ga wurin. Ko 'ya'yana maza ba su sani ba. Na zaci ni kaɗai ne a unguwar nan."

Malam Zakari bai ga abin da ya haɗa singileti da tabarma ba. Ya ɗauka wani iyayi ne na 'yan boko. Amma ɗalibina ne, ya san doka, ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Kai dai tsoro ya yi maka yawa, Akawu. Ni da shi nake tsayawa sahun gaba, da shi nake zama majalisa har isha. Wa ya isa ya ɗaga maka riga ya duba?"

Alhaji Tijjani ya maimaita maganar a hankali, wa ya isa ya ɗaga maka riga, kamar an ba shi wani lakani.

Daga nan ya koma Akawunsa. Ya mayar da tabarau, ya juya ɗaurin ya duba, ya ce wannan lambar ta yi wa Direba girma, shi ya sa ƙila yake shan wahala bai sani ba. Ya je da kansa ya sauyo, ya ɗauko nasa. Wajen gyara lodin ya ɗaga kwalaye biyu, idonsa ya sauka a kusurwar ƙasa, kan gishiri da magi da 'yar kwalbar mai. Ya ɗan tsaya. Ya tambaya ko ba a bukatar shinkafa a gida. Malam Zakari ya ce shinkafa ai buhu-buhu ake kawo masa daga gona a Rigachikun, ba ya cin ta leda. Akawu ya ce haka ne, ta gona ta fi. Ya mayar da kwalayen yadda suke, har ya fi mai su iya rufewa.

Ka lura, wannan ne karo na farko da ya yarda da maganar Direba ba lissafi.

Mataki na 9: Wurin biya

An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya faɗi haka bai san babbar riga ba.

Akawu ya ƙi sakin hannunsa. Tare suka fito daga lungun, keke cike, aljihu da kuɗin magi. Malam Zakari ya ce ya manta wani abu a baya, Akawu ya ce zai raka shi. Ya ce zai kama ruwa, Akawu ya dube shi da tausayi ya ce zai tsare masa keken. Ba mafita. Suka isa gaban mai karɓar kuɗi, wata yarinya Ilham, wadda gidansu ke bayan masallaci, kuma uwarta na cikin matan nan da suka fi namiji goma.

Ta fara wuce kaya a gaban na'ura. Kowane kwali ya wuce sai na'urar ta yi ƙara, kowace ƙara Malam Zakari sai ya ji kamar taya ce ta fashe masa a gangara. Ya taɓa rasa birki da lodin ƙarfe bai yi gumin da ya yi a cikin sanyin nan ba.

Ga abin da za ka yi. Zura hannu a aljihu har gwiwar hannu, ka yi ta lalube a natse, kana hira. Lalube ba ƙarya ba ne, ba kuma biya ba ne. Mutum na iya lalube har Allah ya kawo mafita.

Ta kuwa zo. Alhaji Tijjani ya miƙa kati ta saman kafaɗarsa ya ce yarinya haɗa duka. A nan dole ka yi faɗa, amma irin faɗan mai tura ƙofar da ba ya so ta buɗe. Malam Zakari ya ce haba, wallahi ba za a yi haka ba, shi ba a taɓa biya masa ba, yana faɗa yana matsawa gefe don hannun Akawu ya samu hanya. Akawu ya ce yau ɗaya dai, Direba, bar ni in riga ka.

Da aka zo kan ɗauri biyun nan, Ilham ta miƙa hannu za ta ɗauko farar ledarsu. Alhaji Tijjani ya ce dakata. Ya sa hannu a aljihu ya fito da baƙar leda babba, a ninke tsaf kamar takardar fili, har guda biyu. Ashe duk bokon mutum, in ta kai ta kawo, baƙar leda yake komawa.

Mataki na 10: A gida, kada ka buɗe kaya gaban mai karatu

Wannan matakin daga baya aka ƙara shi.

Akawu ya sauke shi a mota har ƙofar gida, unguwa na kallo ana shiga da kwalaye. Matarsa Lami ta tsaya baki buɗe. 'Yarsu Rahmatu, malamar firamare, ta zo wuni. Malam Zakari ya zauna tsakar gida ya ce yau za su ga singiletin da manya ke sawa. Ya farke ɗaurin, ya zaro ɗaya, ya warware. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, yana neman wuyan.

Rahmatu ta ɗauki ledar ta karanta. Ta ajiye a hankali, ta rufe fuska da mayafi ta shige madafa, daga can ta raɗa wa uwarta cewa famfas ne, ƙunzugun manya, na tsofaffin da fitsari ke kuɓuce musu.

Lami ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Da ta samu numfashi ta ce, "Malam, an ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To ni na tsufa a ɗakin nan ban ga ɗigo ba. Yaushe aka fara?"

Duk maganganun da Malam Zakari ya yi a lungun tsintsiya suka riƙa dawo masa ɗaya bayan ɗaya, har da komai tsotsewa yake. Ya miƙe, ya sa hula, ya ce yanzun nan zai je ya wanke kansa. Mutumin da ya fito daga ƙarƙashin siminti da ƙafarsa ba za a ce da shi mai ƙunzugu ba.

Mataki na 11: In dabara ta ci, kada ka taɓa ta

Ya iso ƙofar masallaci bayan la'asar. Tun daga nesa ya ji wata murya da ya kwana biyu bai ji a majalisa ba tana gardama a kan kuɗin wuta. Alhaji Tijjani ne zaune a tsakiyar tabarma, ya baje riga, yana nuna wani da tabarau. Majalisa sai murna take kamar an dawo daga Makka. Da ya hango shi ya matsa, ya buga tabarma da tafin hannu.

"Direba, zo nan kusa da ni."

Malam Zakari ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Ya auna lodin. In zai wanke kansa, sai ya ce bai san abin da ya ɗauka ba, sai a tambayi dalilin ɗauka, sai maganar lungun tsintsiya ta fito, daga nan har ƙasan tukunya. Wannan ɗaya ke nan. Na biyun ya fi nauyi. Dole sai ya dubi mutumin nan ya ce masa asirin da ka ɓoye wa 'ya'yanka ka ba wanda ba ɗan'uwanka ba ne a ciki, koma sahun baya kai kaɗai.

Ya cire ɗaya takalmin ya zauna. Kafin magariba sun yi faɗa sau biyu a kan nisan Ikko.

Da wata ya ƙare, motar Akawu ta tsaya a ƙofar gidansa, aka shigo da kwali an ɗaure da baƙar leda. A sama ɗaurin nan ne mai dattijo a lambu. A ƙasa shinkafa, da mai, da sukari, da nama a ƙulle. Malam Zakari ya tafi a fusace ya ce an yi kuskure, an haɗo masa da cefanen wani, shi gidansa ba a rasa komai ba. Alhaji Tijjani ko ɗago kai bai yi daga jarida ba.

"Wa ya ce an rasa? Masu irin lalurarmu likita ya ce sai da abinci mai kyau. Dokar likita ce, Direba, ba a gardama da ita. Ko ka fi likita ne?"

Bai fi likita ba. Ya dawo gida.

To ka gani. Mutum ya yi karatu har ƙasar waje, ya riƙe ofis, ya sa hannu a takardun gwamnati, amma wanda bai san bihim ba ya sa shi yana kawo cefane har gida duk wata, kuma har gobe bai gane komai ba. Lami ta ce ya gane tun a kanti. Lami ba ta san dabara ba. Ita dai ta karɓi ɗaurin duk wata, ta sauya masa baƙar leda, ta zagaya ta bayan layi ta kai wani gida da ake jinyar tsohuwa, ba ta taɓa faɗin gidan ba, ba a kuma tambaye ta ba.

Abin da dabarar ta ci wa Malam Zakari kaɗan ne. Duk lokacin da zai tashi daga majalisa, sai Akawu ya riga shi miƙewa, ya tsaya a bayansa ya baza babbar riga kamar mai miƙa, ya saci kallon tabarma, sannan ya ce mu je. Da farko abin na ƙona masa rai. Yanzu ya saba. In Akawu ne zai tashi, shi ma haka yake yi masa, ya tsaya a baya ya baza riga, yana ba majalisa labarin ramin siminti da ƙarfi don ido ya koma kansa. Sau ɗaya aka bukaci rigar da gaske. Ranar Malam Zakari ya ce shi ya kifar da buta, ya kuma zagi wanda ya ajiye ta a hanya.

Sanarwa

Ni dai na faɗa, an rubuta. Wanda ya bi waɗannan matakai ya isa gaban na'ura da keke cike, ya yi ta lalube ba wanda ya miƙo kati, kada ya neme ni, ban san shi ba, ban taɓa ganinsa ba. Wanda mai gadi ya kama yana ɓoye tishu a bayan bokiti, shi da mai gadi. Wanda ya karanta hoto ya kai wa iyalinsa abin da ba a ci, idonsa ne, ba nawa ba. Sunayen nan duk na aro ne, unguwar ma ƙila ba ita ba ce, kada ka wahalar da kanka da bincike. In kuma wata rana ka biyo ta ƙofar wani masallaci ka ga tsofaffi biyu suna tashi daga tabarma, ɗaya ya baza riga a bayan ɗaya, ba su ba ne. Yi sallama, ka kau da kai, ka wuce.